Ɗan Amshi

Ni mai baki ne, kuma tun ina ƙarami aka gaya mini, ban musa ba. Mahaifiyata takan ce da ana sayar da magana a kasuwa da tuni na gina mata bene. In aka taru ana shawara ni ke buɗewa, ni ke rufewa, kuma sau da yawa gaskiya tana wajena. Wannan ba yabon kai ba ne. Shekara talatin da ɗoriya ina aikin injiniyan ruwa a nan yankin Washington, duk bututun da na ce zai fashe sai ya fashe. Wuri ɗaya ne na san na yi kuskure na kuma zauna a kansa daram, har ya taɓa mini aminin da ba ni da kamarsa.

Aminin nan nawa Bazazzagi ne, ni kuwa Bakano, don haka tun ranar da aka haɗa mu ɗaki ɗaya a jami'a a Zariya muka kama tsokanar juna kamar yadda muka gada. Shi yana karatun harhaɗa magunguna. Siriri ne mai sanyin magana, ko tari zai yi sai ka ga kamar yana neman izini. Yana da rikoda, ni ba ni da ita, saboda haka abin da ya sa shi ɗakin ke ji. A wancan zamani kusan duk ɗan boko a Arewa ya san kiɗan kantiri, wato waƙoƙin Turawan karkara na Amurka, masu jita da zancen gona da uwa da jirgin ƙasa da kewar gida. Ban san takamaimai abin da ya sa ya shige mu ba. Wataƙila don ana jin kalmomin tar, kuma abin da suke kuka a kansa bai yi nisa da namu ba.

A cikin kaset ɗinsa akwai wani da yayansa ya kawo masa daga Kaduna. Mutum huɗu ne a bangon kaset ɗin, sun jera gaban shingen katako suna murmushi. Mun ji wannan kaset har ya fara jan murya, muka buɗe shi muka liƙe zaren da jan farce, muka ci gaba da ji. Tun sannan waɗannan mutum huɗu suka shiga rayuwarmu, ba su kuma fita ba.

A wajenmu waƙa tana da mai ita. Shi ke jan baiti, 'yan amshi su karɓa, in ya yi shiru su cike masa, in ya ɗaga hannu su tsaya. Da wannan kunne na saurari mutanen nan, nan da nan kuma na raba musu muƙami. Na gaba mai yawan fara'a shi ne uban tafiya. Dogon nan mai murya kamar daga cikin rijiya babban ɗan amshi ne. Siririn da ke hawa sama shi ne na biyu. Na huɗun, wani gajere da hannunsa ɗaya yake cikin aljihu a hoton, na kasa kunne iya kasawa ban ji inda muryarsa take ba, sai na yanke hukunci cewa cikon benci ne, ƙila ɗan uwan wani ne aka rufa wa asiri.

Aminina ya ce, "Ba amshi suke yi ba fa. Tare suke tafiya, kowa da hanyarsa."

Na ce, "Kai Bazazzagi, ku da har yau ba ku raba mace da namiji a magana ba, me kuka sani game da waƙa? Ka bar wa Kanawa wannan."

Ya yi dariya ya ce to. Kusan kullum haka musunmu ke ƙarewa, ni in ɗaga murya, shi ya ce to.

Ni na riga shi zuwa Amurka da shekara biyu. Da ya iso na tarbe shi a filin jirgi, ya zauna a ɗan gidana na haya a Greenbelt har ya ci jarrabawarsa ya sami aiki a kantin magani. Daga baya kowa ya je gida ya yi aure ya dawo da iyali. Ni na koma Gaithersburg, shi ya sayi gida a Mitchellville. Tsakaninmu tafiya ce mai ɗan nisa, ga cunkoson Beltway, babbar hanyar da ta zagaye birnin, da ke sa salihi ya yi zagi, amma duk Asabar sai na je na ɗauke shi. Mu je wajen mahauci, mu biya ta kantin kayan Afirka, in akwai suna ko gaisuwar rasuwa mu je tare. Wani lokaci matata takan biyo mu ta zauna a baya tana ƙorafin cewa an dame ta da waƙar kaboyi. A motata ba a sa komai sai mutanen nan huɗu.

A nan ne na gano wani aibi na aminina, ko in ce abin da na ɗauka aibi ne. Ni in ina tuƙi nakan bi uban tafiya, in saki murya son raina. Shi kuma sai ya riƙa wani guna-guni a ƙasa-ƙasa, ba ya hawa inda waƙa ta hau, ba ya sauka inda ta sauka. Wani lokaci ya tsaya wuri ɗaya cak kamar mota ta maƙale a laka, sannan ya gusa kaɗan ta inda ba a zata ba. Nakan ce masa, "Malam, ka kauce. Don Allah ka rufa mana asiri, ka tsaya ga ƙirga ƙwayoyinka." Sai ya yi murmushi ya rage murya, bayan minti biyu ya sake ɗauka. Na ba da labarin nan a taruka da yawa, ana dariya. Har kwaikwayonsa nake yi.

Su kuwa mawaƙan, a gaban idonmu suka tsufa. Sai da muka zo ƙasar nan muka ji tarihinsu, cewa a coci suka fara rera waƙoƙin addininsu tun suna samari, suna yawo gari-gari a tsohuwar mota, kafin su juya ga kantiri duniya ta san su. Lokacin da muka fara zuwa kallonsu suna kan ganiyarsu. Babban zaure ne a cikin birni, cike maƙil, mu biyu ne kaɗai baƙaƙe a layinmu, mun sha kaftani da hula kamar za mu ɗaurin aure. Bayan wasu shekaru gidajen rediyo suka daina sa su, yara masu tsalle-tsalle suka karɓe fage. Muka sake ganinsu a wani ƙaramin gidan wasa. Siririn mai hawa sama ya yi fushi ya fita, aka kawo wani, shekaru suka wuce ya dawo aka karɓe shi. Kaset ya tafi, faifai ya zo, shi ma ya tafi, waƙa ta koma cikin waya. Gashinsu ya yi fari, dogon ya fara zama a kan kujera tsakanin waƙa da waƙa. Amma ba su daina ba. Duk bazara suna kan hanya, yau a wannan ƙauye gobe a wancan, kuma in suka buɗe baki tare gashin jikinka sai ya tashi kamar ranar farko. Ina girmama mutumin da bai raina sana'arsa don kasuwarta ta ja baya ba.

Abin da ya raba ni da aminina ba wani babban abu ba ne, shi ya sa ma yake ba ni haushi. Muna da 'yar ƙungiya ta mutanen Arewa da ke shirya taron cin abinci bayan Babbar Sallah. Wata Lahadi bayan la'asar muka taru a gidan wani likita don tsara yadda za a yi. Falo ya cika, dattawa a kan kujeru, sauran a kan darduma. Na tashi na yi bayani cewa bana duk jawabi da Hausa za a yi shi daga farko har ƙarshe, don mun gaji da yaran da ake yi musu magana da harshen iyayensu su mayar da Turanci. Na yi magana mai kyau, na san na yi, kowa yana gyaɗa kai. Sai na ji murya daga gefena.

"Ina da 'yar magana," in ji aminina.

Aka juya ana kallonsa, don ba a saba ba.

Ya ce, "Yaran nan ba sa bin dogon jawabinmu. Kunya ce ke zaunar da su, da an ɗauke ido sun fice. Me zai hana a raba, rabi da Hausa rabi da Turanci, a kuma ba biyu daga cikinsu dama su yi magana da wanda suka iya? In mun kore su daga taron, wa zai ji Hausar?"

Na ga wasu sun fara gyaɗa masa kai, waɗanda yanzun nan suka gama gyaɗa mini. Raina ya ɓaci. Ba don maganarsa ba ta da ma'ana ba, sai don daga bakinsa ta fito, mutumin da na saba in juya in ce ko ba haka ba, ya ce haka ne. Kafin in yi tunani baki ya riga ni.

Na ce, "Ikon Allah! Yau kuma ɗan amshi ne zai ja baiti? Shekara arba'in kana cewa to, ranar da ka tashi yin naka sai ka kauce, kamar yadda kake kaucewa a mota."

Falo ya fashe da dariya. Wani ya ce Kanawa ba ku da dama. Aminina bai yi dariya ba. Ya miƙe a hankali, ya ce wa mai gida a gafarce shi, ya nufi ƙofa. Takalma sun taru tuli a bakin ƙofar, sai da ya daɗe a sunkuye yana neman nasa, duk muna kallon bayansa. Dariyar ta mutu tun kafin ya samu ƙafa ta biyu. A ranar ni na kawo shi, amma ya kira tasi ya tafi.

Matata ta ji labari kafin in isa gida, don matan da ke saman benen gidan likitan sun ji komai. Ta ce, "Ka yanka bawan Allahn nan a gaban mutane."

Na ce, "Abokin wasana ne. Tun kaka da kakanni Bakano ke tsokanar Bazazzagi, ba a kaina aka fara ba."

Ta ce, "Wasa da wanda yake dariya ake yinsa."

Na san gaskiya ta faɗa, amma na saba. Na ce a raina kwana biyu zai huce ya kira, ya ce Asabar ƙarfe nawa za ka zo. Ai kullum shi ke kira. Asabar ta zo bai kira ba, ni ma ban je ba. Wata ta bi bayanta. Ba mu yi gaba ba, don dukanmu mun san hukuncin wanda ya ƙaurace wa ɗan uwansa fiye da kwana uku. In muka haɗu a masallaci ranar Juma'a mukan yi musabiha, ya iyali, lafiya lau, a gaida gida, kowa ya nufi motarsa. Mun kiyaye doka, amma zumuncin yana kwance. Haka muka yi shekara biyu. Nakan je wajen mahauci ni kaɗai, in sa waƙar in rera, ba mai kaucewa a gefena, kuma ban ji daɗin da na zata zan ji ba. Duk da haka girman kai ya hana ni ɗaga waya.

A bazarar shekara ta biyu labari biyu suka same ni a mako ɗaya. Na farko, mawaƙan nan sun ba da sanarwar cewa wannan ne zagayensu na ƙarshe, kuma za su yi wasa da rana a bikin baje kolin manoma da ake yi kusa da mu. Na biyu matata ce ta kawo shi, tana yankan albasa ba ta ko kalle ni ba. Ta ce aminina ya yi ritaya, ya sa gidansa a kasuwa, ƙarshen wata mai zuwa za su koma Zariya gaba ɗaya.

Ban nuna mata abin ya dame ni ba. Na je na sayi tikiti biyu, na ɗauki hotonsu na tura masa a waya ba tare da kalma ko ɗaya ba. A ganina wannan ya isa, duk mai hankali zai gane ban haƙuri ne. Bayan awa uku amsa ta zo: "Allah ya sa a yi lafiya." Na karanta ya fi sau goma ina neman wata ƙofa a ciki, ban samu ba. Na ce to shi ke nan, ni na yi nawa.

Matata ce ta karɓi tikiti na biyu, ta ce ba don kaboyi za ta je ba, sai don kada in zauna ni kaɗai kamar maraya. Ranar ana zafi sosai. Muka ratsa rumfunan shanu da awaki da layin taraktoci, ga warin kashin dabbobi gauraye da ƙanshin soye-soye, har muka isa wata babbar rumfa da aka jera kujerun ƙarfe. Yawancin mutanen wurin tsofaffi ne, wasu da sanda, wasu a keken guragu. Matata da hijabinta da laimarta ta zauna a tsakiyar masu malafa tana fifita da takardar shiri.

Makirufo huɗu aka jera a kan dandamali, amma mutum uku suka fito. Uban tafiyar, wanda yanzu tafiyarsa ta zama ta tsoho, ya yi bayani cewa ɗan uwansu yana asibiti tun makon jiya, likitoci sun hana shi tafiya. Ya ce sun yi shawarar ɗauko wani ya tsaya a madadinsa, sai suka ga a zagayen ƙarshe gara a bar wurinsa a buɗe. Na duba na ga wanda babu: gajeren nan ne mai hannu a aljihu. Na raɗa wa matata cewa Allah ya ba shi lafiya, amma an yi sa'a, cikon bencin ne.

Suka fara da waƙar da na fi sani, wadda na rera ta sau dubu a kan Beltway. Baitin farko uban tafiya ya ja shi kaɗai, lafiya lau. Da suka zo inda suke haɗuwa sai na ji wani abu ya ɓace. Dogon yana can ƙasa, siririn yana can sama, uban tafiya yana tsaye a inda ya saba, ba wanda ya yi kuskure, amma tsakaninsu akwai rami. Kamar miyar da aka sa mata komai aka manta daddawa, ba ka ganinta a tukunya amma cokalin farko zai gaya maka babu ita. Gashin jikina bai tashi ba. Na gyara zama, na ce ƙila na'urarsu ce. Waƙa ta biyu ma haka.

Kafin ta uku uban tafiyar ya yi dariya ya ce ya san abin da muke ji, su ma suna jinsa. Ya ce aikin ɗan uwan nasu shi ne mafi wuya, don bayan su uku kowa ya ɗauki muryarsa, abin da ya rage a tsakani shi yake tsincewa. Shi ya sa in ka ji layinsa shi kaɗai ba zai yi maka kama da waƙa ba. Ya roƙi duk wanda ya san wannan layi a cikin jama'a ya taimaka musu da shi.

Suka ɗauka. Sai na ji wani guna-guni a bayana, ƙasa-ƙasa, ba ya hawa inda waƙa ta hau, ya tsaya wuri ɗaya cak, sannan ya gusa kaɗan ta inda ba a zata ba. Na san wannan guna-guni kamar yadda na san muryar mahaifiyata. Na waiga da sauri har wuyana ya amsa. Wani tsohon Bature ne mai jan fuska da rigar aikin gona, idonsa a rufe, yana rerawa. Can gefe wata tsohuwa ta kama, can gaba wasu mutum biyu. Ba su da yawa, amma ramin ya cike, waƙar ta dawo yadda na san ta.

Na juya ga matata. Ta ce, "Me kake kallona? Ai abin da mutumin nan yake yi a mota ke nan."

Na ce, "Kin sani?"

Ta ce, "Ni da nake zaune a baya ina jin ku ku biyu tare. Kai kanka kawai kake ji. In yana yi waƙar ta fi daɗi, in ka tsawata masa ya yi shiru sai ta koma ihunka."

"Me ya hana ki gaya mini?"

"Wa yake gaya maka magana?"

Ban ji sauran wasan ba. Na zauna ina zufa, kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa. Tun muna ɗaki ɗaya a Zariya mutumin nan ya tsinci muryar da ni ban ma san akwai ta ba, daga tsohon kaset da aka liƙe da jan farce. Ya gaya mini sau ɗaya, na danne shi. Shekara arba'in yana cike mini waƙa ina kwaikwayonsa a taro ana dariya. Da aka tashi mutane suka miƙe suna tafi, wasu suna share hawaye don ba za su sake ganin mutanen nan ba. Ni ma idona ya kawo ruwa, amma ba don mawaƙan ba.

Washegari bayan azahar na kama hanyar Mitchellville. Ban sa komai a mota ba. A gaban gidan an kafa allon dillalai, an manna masa alamar an sayar. Matarsa ce ta buɗe ƙofa. Ta yi turus, sannan ta ce, "Lale marhabin, Alhaji. Yau kai ne a gidanmu?" Na ce ni ne, Hajiya, a yi haƙuri da mu. Falon da na sani babu labule, babu hotuna a bango, kwalaye ne ko'ina. Aminina yana durƙushe a tsakiya yana jera littattafai a kwali. Ya ƙara ramewa, furfurarsa ta ƙaru. Ya miƙe muka yi musabiha, ya share mini wata kujera, muka gaisa gaisuwa mai tsawo irin ta mutanen da ke tsoron abin da zai biyo bayanta.

Na shirya jawabi a hanya, mai gabatarwa da hujjoji, har da inda zan ambaci cewa shi ma ya cika riƙo. Da na buɗe baki duk ya watse.

Na ce, "Na zo ban haƙuri ne. Abin da na faɗa a gidan likita ba wasa ba ne, wulaƙanci ne, kuma kai ke da gaskiya a kan yaran. Ka yafe mini."

Ya ce, "Ai na yafe tun a ranar, kafin in kai gida."

Na ba shi labarin jiya, makirufo huɗu da mutum uku, da tsohon da ke bayana. Na ce masa yanzu na san bai taɓa kaucewa ba. Ya saurara yana murza bakin wani littafi da yatsa. Da na gama sai ya tambayi jikin gajeren, ko sun faɗi abin da ke damunsa. Na ce ba su faɗa ba. Ya ce Allah ya ba shi lafiya, mutumin kirki ne daga ganinsa.

Ganin ya saki fuska sai ƙarfina ya dawo, na koma halina. Na ce, "To yanzu wannan tafiya ta mece ce? 'Ya'yanka suna nan, jikokinka suna nan, likitanka yana nan. Wa ka bari a Zariya? A fasa. Na san lauya, ana iya warware cinikin gida."

Ya girgiza kai. "An riga an sa hannu, kaya ma rabi sun tafi ta ruwa."

"Amma me ya kai ka?"

Ya dubi ƙofar kicin ya ga matarsa ba ta kusa, sannan ya ce, "Yara suna da rayuwarsu, sai a yi wata ba su leƙo ba, ban kuma ga laifinsu ba. Da na bar aiki sai na ga mako yana da kwana bakwai, ba ni da inda zan je ko ɗaya a ciki. A da ina da Asabar. Na jira ka shekara guda cur. Duk Asabar nakan yi wanka in sa kaya in zauna a nan, Hajiya tana yi mini dariya. Na ce wannan karon ba ni zan kira ba, in ga ko za ka iya." Ya mayar da littafin cikin kwali. "Da bara ka zo, da ban sayar ba."

Bai faɗe ta da zafi ba, da ma da zafi ya faɗa da ta fi mini sauƙi. Na so in ce zan riƙa zuwa Zariya, na so in ce akwai waya, duk na ji ba su da nauyi. Baƙin ciki ya kama ni, na kuma san ba wanda ya jawo mini shi sai ni.

Da ƙyar na ce, "To me zan yi maka yanzu?"

Ya dube ni, ya dubi kwalin da ke gabansa wanda ya cika har bakinsa ya ƙi haɗuwa. Ya ɗauko salatif.

Ya ce, "Sauko ka danne mini nan."

Na cire hula na ajiye a kan kujera, na durƙusa a gabansa na haɗa bakin kwalin da hannu biyu. Ya ce in matsa hagu kaɗan, na matsa. Ya ja salatif ɗin a hankali daga wannan gefe zuwa wancan, ya shafe shi da tafin hannu, ya jawo kwali na gaba. Akwai saura da yawa, kwana goma sha tara kuma suka rage masa a ƙasar.